Takalman Baba Masinja

Duk wanda ya shigo ɗakin maza na asibitin, abin da idonsa zai fara cin karo da shi tauraro ne. Kore shar, an manna shi a saman ƙofa, an rubuta a ƙasansa cewa a wannan ɗakin majinyaci ba ya faɗuwa. Baƙi in sun zo sai su tsaya su yaba. Sista Ƙarama kuwa in za ta wuce ta ƙarƙashinsa sai ta ja tsaki, kullum, ba fashi.

Kada sunan ya ruɗe ku, ba yarinya ba ce. Furfura ta fara leƙowa ta gefen hularta, kuma ta yi jinyar mutane har ta manta adadinsu. Ana ce mata Ƙarama ne kawai don akwai Babbar Sista a samanta, wadda ke riƙe da ɗakin.

A faɗi gaskiya, tauraron nan da alheri ya fara. Wani tsoho ne ya taɓa zamewa a banɗaki, kansa ya bugi bango, bai tashi ba. Babbar Sista ce ke kan aiki ranar. Ta sha tambayoyi a gaban kwamiti har ta rame ta yi baƙi, ƙiris ya rage aikin ya tafi. Daga nan hukumar asibiti ta fara bin diddigin duk wanda ya faɗi: a ina, da me ya jawo. Aka cire daɓen banɗaki mai santsi, aka kafa ƙarafunan riƙewa a bango, aka gyara fitilu. Faɗuwa ta ragu sosai. Da a nan aka tsaya, wa zai ce uffan?

Ina! Sai wani mai basira ya ce a sa gasa tsakanin ɗakuna. Ɗakin da ba a faɗi a cikinsa ba a ba shi tauraro, ranar da mutum ɗaya ya faɗi a ciro shi, kowa ya gani. Shi ke nan, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Duk tsohon da aka kwantar sai a ɗaura masa munduwar roba mai ruwan ɗorawa a hannu, alamar ana tsoron ya faɗi. A ɗaga ƙarafunan gadonsa hagu da dama. Ba zai sauko ba sai ma'aikata biyu sun riƙe shi, alhali ma'aikata biyun su ke nan a ɗakin gaba ɗaya, ɗaya na canza ƙarin ruwa, ɗaya na raba magani. Mai jin fitsari a miƙa masa tasa. Sai kuma abu na ƙarshe, wanda babu shi a kowace doka, dabarar ɗakin ce kawai: a ɗauke takalman majinyaci a kulle a loka. Sun lura tsoho in ya leƙa ƙasa ya ga takalmansa, sai ya tuna yana da ƙafa.

A haka Baba Masinja ya same su.

Ciwon ƙirji ne ya kawo shi, da tari da zazzaɓi. Da ƙafarsa ya shigo. Mai tura keke ya biyo shi da keken marasa lafiya, shi kuwa yana ta kora shi da hannu.

"Kai yaro, kai wa mai buƙata. Ni ƙirjina ne ke ciwo, ba ƙafata ba."

Duk rayuwarsa aike ya yi a wata ma'aikata, daga wannan ofis zuwa wancan, daga wannan bene zuwa wancan, har ya yi ritaya. Ya ce da ƙafar nan ya ciyar da gida ya aurar da 'ya'ya. Takalmansa baƙaƙe ne na fata, an sha yi musu sabuwar dunduniya, amma suna ƙyalli kamar yau aka saye su. Da kansa ya cire su ya jera a ƙarƙashin gado, bakinsu na kallon ƙofa.

Sista Ƙarama ce ta ɗaura masa munduwar. Ita ce kuma ta sunkuya ta ɗauki takalman.

"Ina za ki kai su, 'yata?"

"Loka, Baba. Kada mai shara ya jiƙa su."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta ji ɗacinta a bakinta.

Magani ya karɓe shi da wuri. Zazzaɓi ya sauka, tari ya lafa. Amma Likita ya ce sai ya gama allurar jijiya tukuna, ga sukarinsa da ya hau yana ƙin sauka, don haka zama ya kama shi. A nan rigima ta fara.

"Sista, banɗaki."

"Ga tasa nan, Baba."

"Tasa? Ni? Ga banɗaki can ina hango ƙofarsa! Ko jariri aka ce muku an kawo?"

Ya ƙi. Ya daure tun safe har rana ta take, yana juyi yana cije baki, har daga ƙarshe dole ta sa ya karɓa. Da Sista Ƙarama ta zo ɗauka, ya juya fuska bango. Ita ma kunyarsa ta ji.

Abin da ke cin ranta shi ne ta san abin da gado ke yi wa tsoho. Ba ita kaɗai ta sani ba, kowa a ɗakin ya sani. Naman cinya yana zubewa a kwance kamar ana tsiyaye shi, kuma abin da ya zube a mako ba ya dawowa a wata. Ta tare Likita a bakin ƙofa ta faɗa masa.

"Gaskiyarki," in ji shi. "Ai na rubuta a riƙa tashinsa yana takawa."

"Ka rubuta, wa zai tashe shi?"

"Ku kira mai gashin ƙashi."

Mai gashin ƙashi ɗaya ce tal a asibitin duka, tana can ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, layi ya yi mata yawa. Ta leƙo sau ɗaya, ta lanƙwasa masa gwiwa a kan gado, ta ce za ta dawo. Har yau tana dawowa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Baba Masinja ya daina faɗa, ya koma lallashi. In Sista Ƙarama ta zo gwada jininsa sai ya rage murya.

"'Yata, ba gudu zan yi ba. Daga nan zuwa taga kawai. Ƙafar nan in ba a aike ta ba, fushi take yi."

Wata rana da yamma, Babbar Sista ta tafi taro, ɗaya nas ɗin kuma ta sauka karɓo magani. Sista Ƙarama ta dubi ƙofa, ta dubi tsohon, ta ce a ranta in ta yi wari ma ji. Ta buɗe loka ta fito da takalman. Wallahi da kun ga fuskarsa, sai ku ce ɗansa ne ya dawo daga tafiya. Ta sauke ƙarfen gado, ta zaunar da shi, ta sa masa su da hannunta. Ya dafa kafaɗarta ya miƙe.

Suka fara takawa. Majinyatan da ke kusa suka ɗaga kai suna kallo, wani har da tafi. Baba yana dariya yana haki.

"Kin gani ko? Tsohon doki ai ya san hanya."

Sun kusa taga ke nan ƙafar dama ta ce ba ta san zancen ba. Ta lanƙwashe kawai. Sista Ƙarama ta rungumo shi da iya ƙarfinta, ta bi shi a hankali har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Bai bugu ba, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma ya ɗago ya dube ta da wani irin tsoro, don shi kansa bai san ƙafar ta kai haka lalacewa ba.

Ana wata ga wata. Ta ɗaga kai sai ga Babbar Sista a tsaye a bakin ƙofa, ƙarƙashin tauraro.

Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta kama ɗaya hannun, suka mai da shi gado. Ita da kanta ta cire masa takalman ta mayar loka, ta ɗaga ƙarfe. Sannan ta ce, "Biyo ni."

A ɗan ofishinta ta rufe ƙofa.

"Kin san gwiwa in ta taɓa ƙasa, a wajensu faɗuwa ce?"

"Na sani, Sista. Kin san me ya sa ta taɓa ƙasa? Mutumin nan da ƙafarsa ya shigo, ke shaida ce. Mu muka kashe masa ita."

"Ke kaɗai kika tashe shi. Doka ta ce mutum biyu."

"To ki ba ni na biyun mana! Yaushe rabon da mu samu hannu biyu a sake a ɗakin nan?"

"Na roƙa har bakina ya gaji." Babbar Sista ta zauna, ta cire tabarau ta murza ido. "Ke ba ki taɓa ɗaga gawa daga daɓen banɗaki ba. Ni na ɗaga. Ba ki tsaya gaban 'ya'yan mutum suna tambayarki ina kike ba. Ƙafa in ta yi rauni ana gyarawa a gida. Kai in ya fashe fa?"

Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, Sista Ƙarama ta san wannan. Amma haushin bai ragu ba.

"Masu duba inganci suna tafe," in ji Babbar Sista. "In na kai rahoton nan, tauraro ya sauka, ke kuma takardar tuhuma ta hau kanki, don ke kika karya doka. Ni ban ga komai ba yau. Ke ma kada ki sake nuna mini abin da zan gani."

Ka ji yadda ake ɗaure mutum ba da igiya ba. Sista Ƙarama na da yara a makaranta, mijinta kuma ya daɗe ba ya aiki. Ta fito ta koma bakin aikinta. Daga ranar, in Baba ya kira ta da ƙaramar murya, sai ta yi kamar ƙarin ruwan gadon gaba ne ya ɗauke mata hankali. Da ya gane, shi ma ya daina kira. Wannan shirun nasa ya fi faɗansa ci mata rai.

Ranar da masu dubawa za su zo, aka wanke ɗaki har yana ɗaukar ido, aka canza zannuwan gado, aka goge tauraro da tsumma mai laima. Suka shigo su uku, jami'in asibitin mai kula da ingancin aiki yana gaba. Malam Inganci ake ce masa, kuma ba mugu ba ne, shi ne ma ya yi tsaye aka gyara banɗakin nan. Suka duba ƙarafunan gado, suka duba munduwa a hannun kowane tsoho, suna ta gyaɗa kai. Suka tsaya a gadon Baba Masinja.

"Sannu Baba. Ana ba ka magani a kan lokaci?"

"Ana ba ni."

"Ma'aikata suna girmama ka?"

"Ba laifi. 'Ya'yan kirki ne."

"Tun da aka kwantar da kai, ka taɓa faɗuwa?"

Baba ya dubi Sista Ƙarama, ya dubi mai tambayar.

"Ɗana, wanda bai tashi ba, ina zai faɗi?"

Suka kwashe da dariya. Wata daga cikinsu ta ce, "Kai, Baban nan akwai barkwanci!" Suka yi gaba abinsu.

A nan ne haƙurin Sista Ƙarama ya ƙare. Babbar Sista na harararta, amma ta sha gabansu.

"Ranku ya daɗe, ba wasa yake yi ba. Kuna tambayar wa ya faɗi. Don Allah ku riƙa tambayar wa ya shigo da ƙafarsa ya fita a keke. Ku tambayi tsofaffin nan yaushe rabonsu da su taka ƙasa. Ku buɗe lokokin nan ku ga abin da ke ciki."

Ta ɗauka za a yi mata tsawa, ta ma shirya. Da tsawar aka yi da ta fi mata sauƙi. Malam Inganci sai ya faɗaɗa fuska, har da dafa ƙirji.

"Sista, wallahi kin kawo magana mai muhimmanci. Wannan ma'auni ne da ya kamata a ce muna da shi. Zan kai wa kwamiti. Sai dai kin san sai an tsara yadda za a auna, a gwada a ɗaki ɗaya, hukuma ta amince. In Allah ya so, a zagaye na gaba."

"Yaushe ne zagaye na gaba?"

"Baɗi war haka."

"Baɗi? Ƙafar Baba za ta jira baɗi?"

"Abin da ba a auna ba, ba a iya gyara shi, Sista," ya ce a tausashe. Kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Babu wanda ya buɗe loka ko ɗaya. Suka yaba da tsabta, suka tabbatar wa ɗakin tauraronsa, suka wuce ɗakin mata. Sista Ƙarama ta shiga wajen wanke hannu ta sakar wa famfo ruwa, ta yi ta cuɗa hannunta ba don ya yi datti ba, idonta ya kawo ruwa don takaici.

Ba a daɗe ba aka sallami Baba. Autarsa ce ta zo ɗaukarsa, mace mai fara'a, tana ta godiya. Ta ce ba ta taɓa ganin asibitin da ake tattalin tsoho haka ba, ko motsi ba a barinsa ya yi. Sista Ƙarama ta fito da takalman ta sa masa. Sun yi masa yawa, ƙafar ta zube. Aka kawo keke, don dokar ɗakin ce mai munduwa a tura shi har bakin mota. Wannan karon bai kori mai keken ba.

Sista Ƙarama ta ja Auta gefe.

"Ƙanwata, saurare ni da kyau. Ƙirji ya warke, amma ƙafar nan ba wadda kika kawo ba ce. Akwai matakala a gidanku?"

"'Yan ƙanana ne, a bakin ƙofa."

"Kada ki bar shi ya hau shi kaɗai. Ku riƙe shi ku biyu. Kullum ku tashe shi ya taka kaɗan-kaɗan, wani na gefensa."

"To, Sista. Amma kin san halin Baba." Ta yi dariya. "Wa ya isa ya riƙe shi a ƙofar gidansa, maƙwabta na kallo?"

Ko mako ba a rufa ba. Sista Ƙarama na raba maganin safe sai ta ji ƙarar gadon turawa daga sashen gaggawa. Ta juyo ta ga Auta a bayansa, ido ya kumbura. Ba sai an faɗa mata wanda ke kwance ba.

Matakalar ce. Kwanakin farko ya yarda ana riƙe shi. Ranar kuwa maƙwabta sun zo gaishe shi a waje, da za a koma ciki ya ture hannun Auta, ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana hawa bene ba za a tallabe shi a kan 'yar matakalar gidansa ba. Ƙashin ƙugu ya karye. Likitan ƙashi ya duba hoton, ya matsa cinyar da ta zama fata da ƙashi, ya fito da iyalin Baba waje ya ce za a yi aiki, amma a shekarunsa, da irin wannan rauni, kada su sa rai da yawa a kan tafiya.

Babbar Sista ta zo ta tsaya a ƙarshen gadon. Ta daɗe tana kallonsa. Nas ɗin da ke karɓarsa ta tambaye ta ko wannan zai shafi tauraro.

"A gida ya faɗi," in ji Babbar Sista, muryarta can ƙasa. Ba ta yarda ta haɗa ido da Sista Ƙarama ba. Ta juya ta shige ofis ta rufe ƙofa.

Sista Ƙarama ta ɗauko munduwa mai ruwan ɗorawa. Ta ɗaura masa a hannu. Tana so ta ce masa ya yafe mata. Baba ne ya buɗe ido ya gane ta.

"'Yata, ke ce? To ga ni na dawo. Ba sai kin ɗaga ƙarfen ba, kada ki wahalar da kanki. Yanzu ba inda zan je."

Ta ɗaga duk da haka, don doka ce. Sannan ta sunkuya ƙarƙashin gado, yadda hannunta ya saba, ta laluba. Babu komai. Ta duba jakar da Auta ta ajiye, riga ce da bargo da kofi.

"Ina takalmansa?"

Auta ta share ido da gefen mayafinta.

"Na ɗauko su, Sista. Ya ce in mayar. Wai in goge su in ba mijina, kada su lalace a ajiye."